Italiyancin safiya: daga ƙarar agogo zuwa ƙofar wurin aiki

Masu koyon Italiyanci a Abuja iri-iri ne. Akwai ɗaliban da suka samu gurbi a jami'o'in Turin, Padua ko Bologna suna jiran biza, akwai matan da za su bi mazajensu, akwai masu neman aiki ta tsarin decreto flussi, wanda gwamnatin Italiya ke ƙayyade yawan ma'aikatan da za ta karɓa daga waje da shi. Akwai kuma direbobi, kuku da ma'aikatan gini da ke aiki da Italiyawa a nan cikin gari. Akasarinsu da manhajar waya suke farawa, wadda ke koyarwa ta Turanci. Sai mutum ya haddace sunayen dabbobi da launuka, amma ranar da aka tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, ya yi zuru.

A ganina da safiya ya kamata a fara. Tsakanin farkawa da isa wurin aiki akwai aikatau, lokaci, gaisuwa, saye da neman uzuri, kuma waɗannan su ne ƙashin bayan matakin A1 da A2, wato matakai biyu na farko a ma'aunin iya harshe da ake amfani da shi a Turai. Matakan nan ba na ado ba ne: sai da shaidar A2 ake samun takardar zama ta dogon lokaci bayan shekara 5, kuma tun Disambar 2018 sai da B1, matakin da ke gaba da A2, ake neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama. Abu na biyu, a bi ta Hausa kai tsaye, a bar Turanci a gefe. A wurare da dama Hausa ce ta fi kusa.

Furucin ne zai fara tabbatar maka da haka. Wasulan a, e, i, o, u yadda muke karanta su haka suke karanta su. Harafin c in ya zo kafin e ko i, c ɗinmu ne na "cefane": ciao, doccia, faccia, ufficio. Kafin a, o, u kuwa ya koma k, shi ya sa cucina (kicin) ake cewa "kucina". In ka ga ch, k ne: che "ke", chiave (makulli) da "kya" yake farawa. G kafin e ko i j ne, buongiorno "bwonjorno", giacca "jakka". Gn "ny" ne, don haka bagno "banyo". Sc kafin e ko i "sh" ne. Z na kusa da ts ɗinmu, sai dai ba a matse maƙogwaro: colazione, stazione. H kuma ba a furta shi sam, ho "o" ne kawai, kuma wannan yana ba mu wahala don mun saba fitar da shi da ƙarfi.

Inda muka fi masu Turanci sa'a shi ne baƙi mai ruɓi. Kunnen da ya san bambancin baba da babba ba zai ruɗe tsakanin sete (ƙishirwa) da sette (bakwai) ba, ko casa (gida) da cassa (wurin biyan kuɗi), ko capello (gashi) da cappello (hula). Ka daɗe a kan baƙin kamar yadda kake yi a "hannu". Matsalarmu tana wajen p, f da v. Bahaushe kan mayar da prendo "frendo", fermata "permata", vado kuma "bado". Maganinsa madubi: a wajen f da v haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, a wajen p leɓɓa biyu ne ke rufewa su buɗe. In kana faɗin vado ka ga leɓɓanka sun haɗe, b ka yi. Sai ɗabi'ar cusa wasali tsakanin baƙaƙe: sveglia (agogo mai tayar da mutum) "zvelya" ce, gaɓa biyu, ba "siweliya" ba.

Daga gado zuwa bakin ƙofa

Italiyanci ya raba farkawa da tashi kamar yadda muka raba. Mi sveglio, ina farkawa. Mi alzo, ina tashi daga gado. Wannan "mi" ɗin da ke gaba shi ne mabuɗin safiyar baki ɗaya, domin yana nuna cewa aikin kan mai yinsa ya komo. In ka cire shi jimlar tana neman wanda aka yi wa aikin: sveglio i bambini, ina tayar da yara, lavo la macchina, ina wanke mota, amma mi lavo, ina wanke jikina. Wanda ya ce "alzo alle sei" ya bar mai sauraro yana jiran ya ji abin da yake ɗagawa da ƙarfe shida. Jerin shi ne mi sveglio, ti svegli, si sveglia, ci svegliamo, vi svegliate, si svegliano, wato ni, kai ko ke, shi ko ita, mu, ku, su. Haddace wannan guda ɗaya ya isa ka ɗora alzarsi (tashi), lavarsi (wanke jiki), prepararsi (shiryawa) da pettinarsi (taje gashi) a kai.

Ga safiyar ma'aikaci a jimla shida:

Mi sveglio alle cinque e mi alzo subito. Vado in bagno e faccio le abluzioni. Faccio la preghiera dell'alba. Mi lavo i denti, faccio la doccia e mi vesto. Faccio colazione alle sei e mezza. Esco di casa alle sette meno un quarto e prendo l'autobus.

Wato ina farkawa ƙarfe biyar in tashi nan take, in shiga banɗaki in yi alwala, in yi sallar asuba, in goge haƙora, in yi wanka, in sa kaya, in karya ƙarfe shida da rabi, in fita daga gida bakwai saura kwata in hau bas.

Lura da wasu abubuwa a ciki. An ce mi lavo i denti, ba i miei denti ba. Tunda "mi" ya riga ya nuna mai haƙoran, ba a sake cewa "nawa", kamar yadda mu ma muke cewa "na wanke fuska" a gane fuskar wa ake nufi. Haka mi lavo le mani, mi metto le scarpe (ina sa takalmi), mi faccio la barba (ina aski ko gyaran gemu). Faccio colazione ba ya ɗaukar "la" a tsakiya. Aikatau uku kuma ba sa bin ƙa'ida, kuma su ne suka fi yawo da safe: fare (faccio, fai, fa, facciamo, fate, fanno), andare (vado, vai, va, andiamo, andate, vanno) da uscire (esco, esci, esce, usciamo, uscite, escono), inda "esko" ke komawa "eshi" da "eshe" saboda ƙa'idar sc da muka gani. Na zaɓi faccio la preghiera maimakon prego da gangan. Prego na nufin "ina addu'a", amma ita ce kuma kalmar da ake mayar wa mai godiya, ake ce wa baƙo "bismillah, shigo", don haka in ka faɗe ta ita kaɗai ba salla za a fahimta ba.

In za ka ba da labarin abin da ya riga ya wuce, nan ne gizo ke saƙa. Duk aikatau masu "mi" da essere (aikatau na "kasancewa", wanda sono ya fito daga cikinsa) suke tafiya, kuma ƙarshen kalmar yana bin jinsin mai magana. Namiji ya ce mi sono svegliato tardi, na makara wajen farkawa. Mace ta ce mi sono svegliata tardi. A Hausa "na farka" ɗaya ne ga kowa, sai a "ka" da "kin" muke bambantawa, shi ya sa mata masu koyo kan ɗauki sigar maza daga littafi su yi ta amfani da ita. Fita da isowa ma da essere suke tafiya: sono uscito, sono uscita. Sono arrivato, sono arrivata. Waɗanda ke tafiya da avere (aikatau na "mallaka", wanda ho ya fito daga cikinsa) ba sa canzawa: ho fatto colazione, ho preso il treno.

Abin da jiki ke ji kuma da avere ake faɗi: ho sonno (ina jin barci), ho fame, ho sete, ho freddo, ho caldo, ho fretta (ina sauri). Masu bi ta Turanci su ne ke faɗawa cikin "sono freddo" da "sono caldo", waɗanda ke siffanta halin mutum, na biyun ma yana iya ɗaukar ma'anar da ba za ka so ba. Yanayin gari daban yake: fa freddo, ana sanyi; piove, ana ruwa; c'è nebbia, akwai hazo, abin da mazauna kwarin kogin Po, daga Turin har Ferrara, ke fama da shi da hunturu.

Hanyar da ta fi kama jiki ita ce ka sake rubuta jimlolin nan shida da ainihin lokutanka da ainihin abin da kake yi, ka riƙa faɗin kowace da murya a daidai lokacin da kake yin aikin. Minti goma sha biyar a rana ya wadatar. Mai fitowa daga Nyanya, Mararaba ko Kubwa da sassafe yana da fiye da haka a cikin cunkoso: ya maimaita safiyar da ya bari a gida, amma da sigar abin da ya wuce. Bayan mako biyu ka juya ta zuwa "shi" ko "ita", ka ba da labarin safiyar wani a gidanku.

Sabon zuwa yawanci gidan haɗaka yake sauka, banɗaki ɗaya ga mutum huɗu ko biyar. È libero il bagno?, akwai kowa a banɗaki? Na ciki ya ce occupato! Sbrigati!, yi sauri, da nauyi a gaɓar "bri". Tocca a me, layina ne. Non c'è acqua calda, babu ruwan zafi, kuma abin da za a duba sunansa caldaia ko scaldabagno. Wani abin da zai kwantar wa Musulmi hankali: wata dokar ma'aikatar lafiya ta 1975 ta wajabta a sa bidet a aƙalla banɗaki ɗaya na kowane gida, don haka tsarki da ruwa ba baƙon abu ba ne a can. Wuta kuma in ta ɗauke da safe, kusan kullum daga cikin gidan ne. Mitar gidaje da yawa kilowat 3 ce, na'urar busar da gashi da butar lantarki kowacce na iya jan kusan 2, to in aka kunna su tare da injin wanki mita za ta yanke. Ana cewa è saltata la corrente. A kashe abu ɗaya, a je wajen contatore a ɗaga makunnin.

Lokaci

Che ore sono?, ƙarfe nawa? Amsar da sono le take farawa, sono le sette, ban da ƙarfe ɗaya da ake cewa è l'una. E un quarto da kwata, e mezza da rabi, meno un quarto saura kwata, kuma jerin kalmomin daidai yake da namu: le otto meno dieci, takwas saura minti goma. In lokacin yin wani abu ake nufi, sai le ta koma alle: a che ora cominci? Comincio alle otto.

Jadawalin jirgi, na asibiti da na wurin aiki duk da awa 24 ake rubuta su, kuma haka ake faɗinsu. Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne le sedici. Kunne na jin "se" ya ɗauka shida ne, alhali 16:00 ce, ƙarfe huɗu na yamma. Shida na yamma le diciotto ne. Masana'antu da yawa suna da zango uku da ake kira turni, daga 6 zuwa 14, daga 14 zuwa 22, daga 22 zuwa 6. Tambayar da za ka iya tun ranar farko ita ce che turno faccio domani?, wane zango nake gobe? In ba ka ji da kyau ba, può ripetere, per favore? ko può scriverlo?, a rubuta maka. Babu abin kunya a nan.

Agogon Italiya daidai yake da na Najeriya da hunturu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da mu da awa ɗaya. Mai ganawa da ofis a Milan ta intanet daga Abuja ya riƙe wannan. Asuba ma ba ta tsayawa wuri ɗaya kamar tamu: a Milan rana na fitowa wajen 5:35 a watan Yuni, a ƙarshen Disamba kuwa sai wajen 8:00. Mai zangon ƙarfe shida da hunturu yana iya samun lokacin salla ya shiga yana bakin aiki, don haka jimlar posso fare una pausa di cinque minuti? tana da amfani.

Gaisuwa

Buongiorno ita ce gaisuwar safe ga kowa, babba da yaro, sananne da baƙo, kuma ana yi wa duk wanda ka tarar a shago, a lif ko a ɗakin jira. Ciao ta abokai ce da tsara. Kada ka fara yi wa shugaba ita. Salve tana tsakiya, ga wanda ba ka tabbatar da matsayinsa ba. Mu da "ku" muke girmama mutum. Su da Lei, wadda asalinta "ita" ce amma ake amfani da ita ga namiji da mace, aikatau kuma ya bi sigar mutum na uku. Come stai? ga aboki, come sta? ga babba. A kudancin ƙasar, wajen Napoli, za ka ji ana girmama dattawa da voi, wato "ku", amma a wurin aiki Lei ce ba ta da haɗari. Wajen neman afuwa abin ya juye, kuma yana kayar da kusan kowa: scusa ga aboki, scusi ga babba. Babban ne ke da ikon sauke wannan shinge, da cewa diamoci del tu. Kafin ya faɗa, ka tsaya a kan Lei.

Gaisuwarmu doguwa ce, kwana, gajiya, iyali, sanyi. Tasu gajera ce, kuma gajartarta ba wulaƙanci ba ne. Hai dormito bene?, wadda ta yi daidai da "an tashi lafiya", ta mutanen gida ɗaya ce. Shugaba zai ji ta banbaraƙwai. Tutto bene? ta isa tsakanin abokan aiki. Wanda ya gama jami'a ana ce masa dottore ko dottoressa ko da ba likita ba ne, injiniya ingegnere. In za ka shiga ofishin wani ka ce permesso?, ya amsa avanti. Wajen rabuwa akwai buona giornata da buon lavoro, fatan a yini lafiya da fatan aiki ya yi kyau, amsarsu grazie, altrettanto.

Karin kumallo a bar

Kada sunan ya firgita ka. Da safe bar a Italiya teburin mai shayi ne mai rufi da injin kofi: ma'aikata na shigowa, su sha a tsaye, su wuce cikin minti uku. A manyan tashoshi da wurare masu cunkoso sai ka fara biya a cassa, ka karɓi scontrino, wato rasit, ka miƙa a kanta. Shan al banco, a tsaye, ya fi al tavolo araha, a wuraren 'yan yawon buɗe ido bambancin yana da yawa. Un caffè, per favore zai kawo maka ɗan mitsitsin kofi mai ƙarfi, kurɓi biyu. Mai son madara ya ce un cappuccino ko un latte macchiato. Wanda ya ce latte kawai, madara zalla za a ba shi. Shayi un tè ne, kuma sau da yawa da lemun tsami ake kawo shi, sai ka ce con latte in da madara kake so.

Abu biyu Musulmi zai kiyaye, kuma ba na son kowa ya tafi bai san su ba. Caffè corretto kofi ne da aka ɗiga wa barasa, galibi grappa, duk da sunan na kama da "kofin da ya yi daidai". Sai strutto, kitsen alade, wanda ake sawa a wasu nau'o'in cornetto (ɗan burodi mai zaƙi na karin kumallo, a arewacin Italiya brioche suke ce masa), a piadina ta gargajiya (wata irin gurasa) da wasu burodi. Tambayar gajera ce: c'è lo strutto? In an ce è al burro, da man shanu aka yi. Prosciutto, pancetta, mortadella, speck da salame duk na alade ne sai in an rubuta akasin haka. Non mangio maiale, ba na cin alade; senza alcol, ban da barasa. Da azumi in abokin aiki ya ce prendiamo un caffè?, amsar ita ce grazie, ma sto facendo il Ramadan. A sauran watanni kuwa ka karɓi tayin, domin a nan ake sabawa da mutane, kuma wata rana kai ma ka ce offro io, ni zan biya.

Hanya, da abin da za ka rubuta in ta ɓaci

Vado al lavoro in autobus, in treno, in bici, in macchina, amma a piedi, a ƙafa. Wurin aikin ma da "in" yake: in ufficio, in fabbrica, in cantiere (wurin gini), in magazzino (sito). Tikitin bas ana sayensa a tabaccheria, shagon da ke da babban harafin T a ƙofa, ko wajen mai jarida, kuma saye kaɗai bai isa ba. Sai ka buga shi a na'urar cikin bas, abin da ake kira convalidare ko timbrare. Daga nan yake fara ƙirga, minti 90 a Milan, minti 100 a Roma. Tikitin takarda na jirgin ƙasa na yanki kuma a tasha ake buga shi kafin a hau. In controllore, mai duba tikiti, ya same ka da tikitin da ba a buga ba, multa ce, tara, tamkar ba ka saya ba. A cikin bas mai cunkoso wanda ke bayanka zai ce scende?, za ka sauka? In a'a ne ka matsa masa. Kai ma permesso za ka ce ka ratsa.

A allon tasha ka nemi binario (layin da jirgi zai tsaya), in ritardo (ya makara), cancellato ko soppresso (an soke). Sai kalmar sciopero, yajin aiki, wadda ke yawan faɗowa ranar Juma'a. Dokar 146 ta 1990 ta wajabta a sanar aƙalla kwana 10 kafin a fara, a kuma bar wasu awanni da ake kira fasce di garanzia. A jiragen yanki na Trenitalia, a ranakun aiki, daga 6 zuwa 9 na safe ne da 18 zuwa 21. Tunda an sanar tun da wuri, shugaba ba ya ɗaukar yajin aiki a matsayin uzuri mai ƙarfi.

In ka ga za ka makara, saƙon ya riga lokacin fara aiki isa: Buongiorno, mi scusi, il treno è in ritardo. Arrivo tra venti minuti. Tra na nufin "nan da", fa kuma "da suka wuce", don haka venti minuti fa ya juya maganar gaba ɗaya. Ho perso l'autobus, bas ya wuce ni. Non ho sentito la sveglia, ban ji agogo ba. Sto arrivando shi ne "ga ni nan tafe", sai dai a can ana ɗaukarsa da gaske, a sa ran ganinka cikin 'yan mintuna. Kada ka faɗe shi kana ɗaure takalmi. Da ka isa za ka buga kati, timbrare il cartellino, ka gaida capoturno ko caposquadra (shugaban zango ko shugaban rukuni), a wurin gini ko masana'anta kuma ba za a bar ka ka fara ba sai da casco, guanti da scarpe antinfortunistiche, wato hular kwano, safar hannu da takalmin kariya.

Rashin lafiya kuma yana da nasa tsarin. Ka fara sanar da wurin aiki: Buongiorno, sto male, ho la febbre. Oggi non posso venire. Sannan a ranar ka nemi likitanka, medico di base, wanda zai aika takardar shaida ta intanet zuwa INPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, ya ba ka numero di protocollo, lambar da za ka tura wa ofis. A kwanakin hutun ana iya turo likita ya duba ka a gida, visita fiscale, tsakanin 10 da 12 na safe ko 17 da 19, har Asabar da Lahadi. In bai same ka ba kuma babu ƙwaƙƙwaran dalili, za ka iya rasa kuɗin kwanakin. Don haka adireshin da ke kan takardar ya zama inda kake kwana da gaske, sunanka kuma ya kasance a rubuce a jikin citofono, ƙararrawar bakin ƙofar gidan, domin a gidan haɗaka sau da yawa sunan mai haya na farko ne kaɗai a wurin.